Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi na Ghana: a fitar da ɗalibanmu daga aji su zauna da mutane

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya dafa maka a kan nauyin da aka ɗora maka.

Ni tsohuwar ma'aikaciyar Sashen Jin Daɗin Jama'a ce, wanda mutanenmu ke kira Soshal a taƙaice. Na yi aiki a Kumasi da wasu gundumomin yankin Ashanti har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Aboabo. Na san takardun ofishinka da Turanci suke zuwa, amma na zaɓi in rubuto maka da Hausa don iyayen da ke Aboabo da Sawaba da Asawase, da na Nima da Mamobi can Accra, su ji abin da na faɗa maka da kunnensu, tunda maganar ta 'ya'yansu ce. Ba za ka rasa mai fassara maka ba.

Wata yarinya ce 'yar maƙwabta ta sa na ɗauki alƙalami. A gabana aka haife ta, ni na riƙe ta ranar suna. Yanzu tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam a wata jami'a, ta gama shekara ta uku. Da babban hutu ya zo aka ba ta takarda daga makaranta, aka ce ta je ta nemi wurin da za ta yi horon sanin makamar aiki, abin da su ɗalibai ke kira atachimen. Ita za ta nemi wurin da kanta. Sati uku tana hawa tirotiro da takardar nan a jaka. Wani ofis a ce ta dawo gobe, wani a ce oga ya yi tafiya, wani a ce ko kujerar da za ta zauna babu. Daga ƙarshe wani wuri ya karɓe ta. Sati shida ta yi a can tana buga hoton takardu, ana aikenta sayo wake da shinkafa idan rana ta yi. Ranar da za ta tafi aka buga mata hatimi cewa ta kammala horo.

Ta zo ta same ni a tsakar gida ina gyaran alayyahu, ta ce, "Hajiya, wallahi ko mutum ɗaya mai damuwa ban zauna da shi ba." Na ce to zauna, bari in tambaye ki. A ce mace ta shigo ta ce miki kwana uku ba ta rintsa ba, kuma gara ta mutu ta huta, me za ki fara ce mata? Nan take ta jero mini alamomin ciwon damuwa da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ta kuskure. Na ce madalla, amma ga matar nan a gabanki tana share hawaye da bakin mayafi, da Hausa za ki yi mata magana, me za ki ce? Sai ta yi shiru, idonta ya cika da ƙwalla. Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, tana da tausayi, kuma uwarta koko da ƙosai take sayarwa tana biya mata kuɗin makaranta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. An koya mata sunayen cututtuka, ba a taɓa kama hannunta an kai ta ƙofar mai cutar ba.

Ranka ya daɗe, bari in ba ka labarin yadda abin yake idan an yi shi yadda ya kamata, don kada ka ɗauka ƙorafi kawai na zo da shi.

Shekarun baya, ina kan aiki, aka turo mini wata ɗaliba ta yi wata biyu tare da ni. A sati na biyu aka kawo mana labarin wata mai jego a wani gidan haya, irin gidajenmu masu ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakar gida. An yi suna da kwana goma sha wani abu, amma ta ƙi ba jariri nono, ta ƙi cin abinci, ta juya fuska bango. Mutanen gida sun ce iska ce. An yi turare, an sha rubutu, abin bai sake ta ba. Muka je. Tun daga zaure ɗalibar ta zaro takardar tambayoyi da biro, na dafa hannunta na ce mayar da su jaka. Muka fara gaida uwar miji, muka yi mata barka, muka tambayi lafiyar jariri, aka kawo ruwa muka sha. Kusan awa guda ba mu ambaci abin da ya kawo mu ba. Ina ganin ɗalibar tana ta kallon agogo.

Da aka kira azahar tsohuwar ta tashi alwala, sai na yi wa ɗalibar ido. Ta sauka daga kujera ta zauna a tabarma kusa da mai jegon, ta ɗauki jaririn ta rungume, ba ta ce komai ba. Can sai yarinyar ta yi magana, muryarta kamar daga cikin rijiya. Ta ce, "Anti, tsoro nake ji in ɗauke shi, zuciyata tana ce mini in yar da shi." Ashe mijinta ya kama hanyar Libiya tun cikin yana wata huɗu, kuma tun daga Agadas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba ta barci, tana ganin ita ce ta jawo wa gidan tsiya, kuma tana jin kunyar faɗa wa surukarta abin da ke zuwa mata a rai.

Ba mu ce wa kowa ya daina zuwa wurin malam ba. Wurin malamin ma muka fara zuwa, muka gaishe shi, muka yi masa bayani. Shi da bakinsa ya gaya wa tsohuwar cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, a kai yarinya asibiti, shi kuma zai ci gaba da addu'a. Da maganarsa aka samu aka fita da ita. Likita ya duba ta, aka ɗora ta a kan magani, aka sa ƙanwarta ta riƙa kwana da ita, mu kuma muna leƙawa duk sati. Kafin ɗalibar ta koma makaranta ta ga yarinyar nan zaune a bakin ƙofa tana shayar da ɗanta.

Rahoton wannan ziyara sau uku ɗalibar ta rubuta shi. A na farko ta rubuta cewa uwar miji ba ta da tausayi. Na ce da idonki kika ga rashin tausayin, ko kuwa zato kika yi? Rubuta abin da kika gani da abin da kika ji, ki ware shi daga abin da kike tsammani. Tsohuwar nan ita ke wanke kayan jariri, ita ta sayar da zanenta ta biya kuɗin rubutu. A na biyu ta sa sunan gida da unguwa a shafin da kowa zai iya gani a kan tebur. Sai a na uku na sa hannu. Waɗannan abubuwa, wato yadda ake shiga gida, da wanda ake fara gaisarwa, da lokacin da ake yin shiru, da bambanci tsakanin gani da zato, da rufe sirrin mutane, ban san wani littafi da ke iya dasa su a jikin mutum ba. Littafi yana faɗar su, amma sai wani babba ya tsaya a kanka kana yi yana gyara maka kafin su zauna. Gani ya kori ji.

Ban ce ba a tura ɗalibai fili ba. Sassan da ke koyar da aikin jin daɗin jama'a, a Jami'ar Ghana da ke Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi da makarantar horar da ma'aikatan Soshal da ke Osu, suna tura nasu, kuma na karɓi wasu da hannuna, yara masu himma. Damuwata ita ce abin ya dogara ga sa'a. Ɗalibin da ya faɗa hannun jami'in da ke son koyarwa zai fito da abin da zai yi masa amfani har tsufa. Wanda ya faɗa wani wurin zai fito da hatimi. Ɗan mai hali, wanda babansa ya san wani a babban asibiti, waya ɗaya za a buga a ba shi wuri. Ɗan Zango kuwa, wato ɗan unguwanni irin namu na Aboabo da Nima, sai ya sha rana. Sannan duka biyun a ba su digiri iri ɗaya.

Ka duba irin nauyin da dokokin ƙasar nan suka ɗora wa waɗannan yara idan sun fito. A 2012 majalisa ta zartar da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta kafa Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa, kuma manufarta ita ce a rage tara marasa lafiya a manyan asibitoci, a kai kulawa kusa da gidajensu. Dole ce ma ta sa, domin manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne: na Accra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da na Pantang a 1975. Duka ukun a kudancin ƙasa suke, alhali ƙidayar 2021 ta nuna mun kai mutum miliyan 30.8. Mu a Kumasi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye muke dogaro da shi, da ma'aikatan jinya da ke ƙananan asibitoci. To idan an ce a kai kulawa cikin unguwa, ai mutane ne za su kai ta da ƙafafunsu. Wanda bai taɓa shiga gidan haya yana ɗalibi ba, ta yaya zai kai?

A 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffukan da dokar 1960 ta lissafa. Na yi murna da wannan matuƙa, domin a da saurayin da ya sha guba Allah ya yi da sauran kwanansa yana iya farfaɗowa ya tarar da tuhuma tana jiransa. Yanzu an ɗauke ɗan sanda daga gefen gadonsa, sai dai kujerar tana buƙatar wanda zai zauna a kai, wanda ya san yadda ake tambayar mutum kai tsaye ko har yanzu yana tunanin halaka kansa, ba tare da ya firgita ko ya hau shi da wa'azi ba. Wannan tambaya tana da nauyi a baki. Karo na farko da mutum zai yi ta, ya kamata a ce akwai babba a kusa da shi.

Haka abin yake a ɓangaren yara. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta sa jami'in Soshal cikin waɗanda ke zama a kotun iyali, inda ake yanke wa zai riƙe yaro da nawa uba zai riƙa bayarwa. Dokar shari'ar ƙananan yara ta 2003, mai lamba 653, ta tanadi a rubuta wa kotu rahoto kan rayuwar yaron da ya yi laifi, gidansu da makarantarsa da abokansa, kafin a yanke inda za a kai shi. Shafi biyu ko uku ne, amma a kansu ake duba ko yaro zai koma gaban uwarsa ko za a kai shi gidan gyaran hali. Ga kuma Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2007, mai lamba 732, da ofisoshin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, inda mace ke zuwa da kumburarren ido tana cewa faɗuwa ta yi. Ga shirin LEAP na ba marasa galihu tallafin kuɗi da aka fara a 2008, wanda jami'an Soshal ke bin gidajen tsofaffi da marayu da naƙasassu a kansa. Duk wannan aiki hannun yaran nan zai koma. Da yawansu kuma ranar farko ta bautar ƙasa ce za a ajiye musu tulin fayil a ce bismilla.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ƙasar nan ta riga ta san wannan gaskiyar a wasu fannoni. Ba a ba ɗalibin likita lasisi sai ya yi shekaru yana bin manyansa ɗaki-ɗaki a asibiti irin Korle Bu na Accra ko Komfo Anokye. Ɗalibar jinya tana zuwa asibiti tun tana makaranta. Ɗalibin kwalejin malamai yana tsayawa gaban allo ana kallonsa ana gyara masa. Har alawus gwamnati ta maido wa ɗaliban jinya da na kwalejojin malamai a 2017. Babu wanda zai yarda a ba wa wadda ba ta taɓa riƙe allura ba hannun ɗansa. Me ya sa muke yarda a ba wa wanda bai taɓa sauraron mai kuka ba zuciyar 'yarmu?

A Amurka, hukumar da ke tantance karatun aikin jin daɗin jama'a ba ta amincewa da digirin farko sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 400 a fili ƙarƙashin mai sa ido, digiri na biyu kuma awa 900. A Ingila kwana 200 ne, har da kwanakin da ake warewa don koyon dabarun aiki. Maƙwabtanmu na Najeriya tun 1973 suke da shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban kimiyya da fasaha wuraren aiki a cikin tsarin karatunsu. Ban kawo waɗannan don mu kwafe su ido rufe ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne an rubuta adadi, an ɗora wa makaranta alhakin nemo wuri, kuma akwai wanda za a tambaya idan ba a yi ba.

Misalan da suka fi kwanta mini a rai ma na nan gida Afirka ne. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiyar ƙwaƙwalwa ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ana yi musu magani, kuma bai raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo su cikin aikin. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna hanyar tana aiki. Abin da ya ja hankalina shi ne da kalmar mutanen wurin suka yi aiki, kufungisisa a harshen Shona, wato yawan tunani. Mu ma haka muke cewa: tunani ya yi mata yawa.

A nan ne maganar ta zo kan Zango. Mutumin unguwarmu ba zai zo ya ce yana da ciwon damuwa ba. Zai ce gabansa yana faɗuwa, ko kansa ya yi nauyi, ko jikinsa duk ya mutu. Mace za ta ce zuciyarta ta yi baƙi, ko abinci ba ya yi mata daɗi a baki. Idan wanda ke gabanta bai san harshen ba, ko ya san harshen amma bai taɓa jin yadda ake faɗar ciwo da shi ba, sai a ba ta maganin ciwon kai ta koma gida. Wata rana a ji an kai ta inda za a sa mata mari a ƙafa. Ga samarinmu da tiramadol ya cinye, kana ganinsu a bakin kwata da rana tsaka, iyaye sun rasa yadda za su yi sai duka da tsinuwa. Ga 'yan matan kayayo masu dako a kasuwar Kejetia, da yawansu daga arewa, suna kwana a barandar shaguna da jarirai a baya. Muna da 'ya'ya a jami'a da ke jin Hausa da Tuwi, wasu har da Dagbanci ko Mosanci. Wannan dukiya ce da ƙasa ba ta kashe ko sisi wajen samar da ita ba, daga gida suka zo da ita. A haɗa ta da karatun da suke yi, a kai su inda ake buƙatarsu tun suna ɗalibai.

Sai dai ina da gargaɗi a kan wannan, daga abin da na gani. Kada a tura yaro layin gidansu. A Zango kowa ya san kowa, matar da ta san uwarka ba za ta gaya maka mijinta yana dukanta ba, idan kuma ta gaya maka, nauyin ya fi ƙarfinka ranar da za ku haɗu da mijin a masallaci. Ɗan Aboabo a kai shi Tafo ko Moshi Zango, ɗan Nima a kai shi Madina ko Ashaiman. Kuma a ja wa ɗalibi layi tun ranar farko: shi mai koyo ne. Ba ya faɗa wa mutum sunan ciwonsa, ba ya ba da shawarar magani, ba ya zama shi kaɗai da wanda ke barazanar kashe kansa. Dokar 2013 mai lamba 857 ta kafa majalisar da ke ba masana halayyar ɗan Adam lasisi, kuma da dalili aka yi haka. Horon da babu mai sa ido a kansa yana iya cutar da mutanen da aka je taimaka wa. Na taɓa ganin ɗalibin da ya ba abokansa labarin wata mata a wurin shan shayi, ba da mugun nufi ba, kafin magariba labarin ya isa kunnen kishiyarta.

Don haka roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ya fara ne daga hukumar GTEC da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, wadda dokar 2020 mai lamba 1023 ta ba ikon tantance kwasa-kwasan manyan makarantu. Ta sa mafi ƙarancin awannin horo a fili ga duk mai digirin farko a fannin halayyar ɗan Adam da na aikin jin daɗin jama'a, su zama cikin makin da ake ƙirgawa, kuma makaranta ce za ta nemo wurin, kada a sake sakin yaro da takarda a hannu yana bara ofis-ofis. Masana su zauna su yanke adadin, ni dai na san sati shida na buga hoton takardu bai kai ko awa ɗaya ba. Wannan zai buƙaci ka zauna da takwarorinka na ma'aikatar lafiya da ta mata da yara da kare marasa galihu, tunda asibitoci da ofisoshin Soshal da gidajen yara irin na Osu da Kumasi a hannunsu suke. Makarantun sakandare kuwa a hannunka suke, kuma malaman da aka ba aikin ba ɗalibai shawara a can za su yi maraba da mataimaki.

Sai maganar kuɗin mota. Wanda bai zauna a Zango ba zai ga ƙaramin abu ne. Yarinyar da uwarta ke sayar da koko, hutu shi ne lokacin da take taya uwar sana'a ta tara na komawa makaranta. Idan ka ce ta bar wannan ta riƙa hawa mota biyu kullum zuwa wurin horo da kuɗin aljihunta, ka riga ka zaɓi waɗanda za su iya da waɗanda ba za su iya ba. Ba albashi nake nema musu ba. Na mota da na abincin rana ya isa. Asusun Raya Zango da dokar 2017 mai lamba 964 ta kafa yana iya ɗaukar wani kaso na 'ya'yan unguwanninmu, domin gina mutanen da za su kula da lafiyar hankalin Zango raya Zango ne kamar gina kwata.

Abin da aka fi mantawa da shi kuma shi ne mai sa idon kansa. Jami'in Soshal guda a gunduma, da fayil har rufi, wani lokaci babu ko babur na zuwa ziyara, a turo masa ɗalibai takwas rana ɗaya babu sanarwa. Me zai yi da su in ba aike ba? A rage yawan ɗaliban da ake ba mutum ɗaya, a koya masa yadda ake koyarwa, a ba shi ɗan abin hasafi, malamin jami'a kuma ya riƙa zuwa yana ganin abin da ake yi. A samar wa ɗalibai mata hanyar kai ƙara idan wani ya nemi ya yi amfani da sa hannunsa ya ci mutuncinsu, domin wannan yana faruwa, kuma yawancinsu shiru suke yi don tsoron maki. Mu da muka yi ritaya muna nan da yawa a Kumasi da Accra, da sauran ƙarfinmu. A kira mu. Ni dai a shirye nake in zauna da ɗalibai biyu ko uku duk sati, mu bi abin da suka gani, in mayar musu da rahoto sau uku idan ya kama.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Horo yana nuna wa yaro ko wannan aikin nasa ne. Na taɓa samun wani ɗalibi mai ƙoƙari sosai wanda bayan ziyara biyu gidan da aka ci zarafin yarinya ƙarama ya daina barci. Muka zauna da shi, ya gane zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ɓangaren ba, ya koma wajen bincike da ƙididdiga, kuma yana amfanar jama'a a can. Gara ya gane haka yana shekara ta uku da ya gane bayan an ba shi gunduma guda.

Iyayenmu na Zango, ku ma ina da magana da ku a gaban Minista. Na sha jin ana cewa, wannan karatun me za a ci da shi, ba likita ba, ba lauya ba. Na kuma ga gidajen da ake rufe ƙofa idan an ce 'yan Soshal ne, don ana zaton sun zo ƙwace yara. Idan aka turo muku ɗalibi tare da babbansa, ku shimfiɗa musu tabarma. Limamanmu da sarakunan Zango, ku kuke da kunnen jama'a, kalma ɗaya daga bakinku bayan sallar Juma'a tana buɗe gidaje ɗari.

Mai girma Minista, idan hanya ta kawo ka Kumasi, ka ware awa biyu ka shigo Aboabo ba tare da jiniya ba. Zan kai ka gida biyu ko uku da izinin masu su, ka zauna ka ji da kunnenka. Zan kuma kira 'yar maƙwabtan nan tawa ta zo ta gaishe ka. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama. Tun daga ranar da muka yi maganar nan, duk Asabar bayan la'asar tana zuwa wurina da littafinta, ina zama matar da ba ta barci, ita kuma tana koyon abin da za ta fara cewa.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Tsohuwar jami'ar Soshal,
Aboabo, Kumasi.